Jarumin da Ba Zai Iya Faɗuwa Ba, Wa Zai Damu da Shi?



Yawancin labaran yaƙi da na aljanu da muke rubutawa ciwonsu ɗaya: tun shafin farko mai karatu ya san jarumi zai ci nasara. Sara ba ya kama shi, tsafi ba ya cinsa. To, me zai hana a tsallake zuwa babin ƙarshe? A ganinmu maganin shi ne mu riƙa nuna wa mai karatu ɗaya hanyar, wato abin da zai faru da jarumi ya kuskure.

Kakanninmu sun riga mu sanin wannan. A tatsuniyar Ruwan Bagaja sau biyu ake bin hanya guda. 'Yar bora ta bi da ladabi ta dawo da dukiya, 'yar mowa ta bi da rashin kunya ta kwaso masifa. Tafiya ta biyu ce ke nuna mana ramin da ta farko ta tsallake. A littafin Abubakar Imam mai wannan suna, na 1934, Alhaji Imam ne ke ba da labarinsa da bakinsa, don haka mun san ya tsira. Amma ga Malam Zurƙe suna ta ramuwar gayya, yau wannan ya sha wuya, gobe wancan, har mu gane Imam ma yana faɗawa tarko.

Ga dabaru uku. Na ɗaya, in jarumi zai iske ƙasusuwan waɗanda suka gabace shi a bakin kogo, mu ba ɗaya suna da uwa mai jiransa a gida. Na biyu, bokan labari ya daina cewa “za ka yi nasara”, ya gindaya sharaɗi mai wuyar cikawa. Na uku, kowane zaɓi ya ci wani abu da ba ya dawowa: doki, amini ko hannu.

Wani zai ce ai ƙaddara ta riga fata, kuma da-na-sani ƙeya ce. Gaskiya ne. Sai dai marubuci ya san ƙarshen labarinsa, jarumi bai sani ba, kamar yadda ba mu san namu ba. Zullumin kafin zaɓi muke nema, ba kukan bayansa ba.

Mu da ke rubutu daga Ƙaura, Shinkafi da Zurmi ba baƙin wannan zullumi ba ne. Duk mai bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi a shekarun nan ya san akwai motar da ta wuce lafiya, akwai wadda aka tare a bayanta. Mai karatun da ya san haka ba zai yarda da jarumin da ba ya ko gumi ba.

Aikin wannan mako: kowa ya ɗauko babi guda nasa, ya nemo inda jarumi zai iya rasa komai, ya sa mu hango wurin a layi uku.

Allah ya ƙara basira.