Shekara nawa ka yi kana gudu? Ba a nan gizo ke saƙar ba

Ƙannena 'yan sakandare, kun san yadda ake yi idan lokacin inta-haus ya gabato. Malamin wasanni zai tambaya wa zai wakilci gidansu a tseren mita 3,000, sai hannaye su tashi. Wannan ya ce shekara uku yana gudu, wancan ya ce shi tun firamare. Ranar gasa kuwa, mai shekara ukun ake yi wa fifita a gefen fili tun a zagaye na uku. To da me ake gane wanda ya goge a gudun dogon zango?

Ƙidayar shekaru ita ce ma'auni mafi rauni. Wanda yake fita sau ɗaya a wata, a shekara uku sau 36 kawai ya fita. Yarinyar da take fita sau uku a mako za ta wuce shi kafin ta cika wata huɗu. Shi ya sa masu horarwa suka fi tambayar kilomita nawa mutum yake yi a mako, kuma mako nawa ya jera bai yi fashi ba. Lissafin ba wuya: cikakken filin tsere mita 400 ne, zagaye goma sha biyu da rabi ya ba ka kilomita 5.

Wasu kuma da sauri suke aunawa. Gudun famfalaki na Boston a Amurka, wanda aka fara tun 1897, akasarin masu shigarsa sai sun nuna shaidar sun taɓa kammala kilomita 42.195 a wata gasa cikin ƙayyadadden lokaci, kuma lokacin ya danganta da shekarun mutum da jinsinsa. Wanda bai kai shekara 18 ba ma ba a karɓarsa. Amma sauri kaɗai yana ruɗi. Ɗan ƙwallo mai shekara 16 zai iya barin dattijon da ya yi shekara ashirin yana gudu a baya, alhali dattijon ya fi shi sanin abin da zai yi idan cinya ta riƙe ko rana ta take.

A Ingila akwai wani tsari da ya burge ni, sunansa parkrun. An fara shi a Landan a 2004: kilomita 5 kowace Asabar da safe, kyauta, mai gudu ya yi gudu, mai tafiya ya taka. Abin da suke karramawa shi ne yawan zuwa, wanda ya cika 50, ko 100, ko 250. Ko kai ne na ƙarshe kullum, ƙidayarka tana hawa.

Ni dai ma'aunin da na fi yarda da shi shi ne yadda mutum yake raba ƙarfinsa. Sabon shiga yana tashi kamar an biyo shi, saboda ihun 'yan kallo ya shige masa kai, sannan ya ƙare yana jan ƙafa. Gogagge yakan fara a natse har ka ɗauka ba da gaske yake ba, sai ka ga yana tsince mutane ɗaya bayan ɗaya a zagayen ƙarshe. Kuna iya gwada wannan gobe. Ka yi zagaye shida, abokinka ya riƙe agogo yana rubuta lokacin kowane zagaye. Idan na farko minti 1 da daƙiƙa 40 ne, na ƙarshe kuma ya kai minti 2 da rabi, da sauranka, ko da kai ka riga kowa isowa. Idan bambancin bai wuce 'yan daƙiƙu ba, ka fara sanin jikinka. Wannan ba a sayensa da takalmi mai tsada, kuma ba a ƙaryarsa, tunda takarda ce za ta yi magana.

Haka nan a gudun atisaye na yau da kullum, ya kamata ka iya yi wa na kusa da kai magana jimla guda ba tare da numfashi ya sarƙe ba. Idan ba ka iyawa, ka rage. Da safe kafin ka tashi daga shimfiɗa, ka ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunka na daƙiƙa 30 ka ninka biyu. Yawancin manya suna tsakanin 60 da 100 a minti, masu yawan atisaye kuwa nasu kan sauka ƙasa da haka.

Duk wannan ba don gasar makaranta kaɗai ba ne. Cikinku akwai masu burin shiga soja, kuma gudu yana cikin gwajin tantancewa. Akwai masu mafarkin gasar famfalaki ta Legas da aka fara a 2016. Wanda ya ɗauki kansa gogagge alhali bai kai ba, shi ne yake faɗuwa a zafin Afrilu. Idan jiri ya ɗebe ka, ko ƙirji ya yi ciwo, ka tsaya nan take ka faɗa wa malami, ko da saura zagaye ɗaya. Mai asma ko sikila kuwa ya fara ganin likita kafin ya sa sunansa a jerin masu tsere.