SHARHI: Kwamfutar gwanjo a Keita da kurakuran da ake yi kan tsaron Linux

Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina tura gyaran tsaro ga Windows 10, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. Ita kuwa Windows 7 tun Janairun 2020 aka yaye ta.

Ga mai hali a Yamai, labarin bai wuce na sayen sabuwar kwamfuta ba. A garuruwa irin su Keita, Bouza da Madaoua kuwa, inda da yawa daga cikin kwamfutocin da ake buga takardu da su na gwanjo ne, maganar ta fi haka nauyi. Windows 11 na buƙatar wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma inji na baya-bayan nan, abin da tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da shi.

Wannan ne ya sake tayar da zancen Linux, babbar manhajar sarrafa kwamfuta da Linus Torvalds ya fara rubutawa yana ɗalibi a Helsinki a 1991, wadda kowa ke iya saukewa kyauta, ya karanta rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara. Da zancen ya taso, sai tsofaffin maganganu biyu suka biyo shi a shafukan fasaha. Wasu na cewa tunda rubutunta a buɗe yake, ɓarawo ya ga hanya. Wasu na cewa Linux ba ta kamuwa da cuta ko kaɗan. Duka biyun na iya jawo wa mai karatu asara.

Abin da ake yawan mantawa shi ne mutumin Keita ya daɗe yana amfani da Linux ba tare da ya sani ba. Android ɗin da ke cikin Tecno, Itel da Infinix a kan zuciyar Linux aka gina ta, kuma kamfanin Transsion da ke ƙera waɗannan wayoyi uku shi ke da kusan rabin kasuwar wayoyin zamani a Afirka. Da irin wannan waya ɗan ci-rani a Legas ko Abidjan ke sanar da gida cewa ya aiko kuɗi, da ita mai albasa a Tamaske ke jin farashin kasuwa. Saboda haka tsaron buɗaɗɗiyar manhaja magana ce ta aljihun mutanen Adar.

A Agustan 2020 wani kamfanin tsaro mai suna Upstream ya ce ya gano muguwar manhaja mai suna Triada a cikin wayoyin Tecno W2 guda 53,000 a ƙasashen da suka haɗa da Habasha, Kamaru, Masar, Ghana da Afirka ta Kudu. Manhajar na sa mai waya cikin rajistar ayyukan da bai nema ba, tana cin kuɗinsa da megansa. Transsion ya ce ba da saninsa aka saka ta ba, daga wajen wani mai kawo masa kaya ta shigo, kuma ya fitar da gyara.

Mai saurin rubutu zai ce ga sakamakon barin Android a buɗe. Amma Triada ba ta cikin rubutun Android da Google ke wallafawa kowa ya gani. An cusa ta ne a wani mataki na haɗa waya da babu wanda ke leƙawa daga waje. Haka lamarin yake da kwafin WhatsApp na bayan fage da matasa ke tura wa juna ta Xender a shagunan caji. A 2021 kamfanin Kaspersky ya gano wannan Triada ɗin a cikin FMWhatsApp, a 2022 kuma a cikin YoWhatsApp. Babu wanda ya san abin da masu su suka ƙara a ciki, domin ba sa nuna rubutunsu.

Sai dai masu yabon Linux ma suna da nasu abin kunyar. A Afrilun 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a cikin OpenSSL, buɗaɗɗiyar manhajar da ɗimbin shafukan intanet ke amfani da ita wajen ɓoye bayanan masu shiga. Kuskuren ya shafe kusan shekara biyu yana zaune a fili, kowa na da ikon ganinsa, babu wanda ya lura. Daga baya duniya ta farga cewa mutane ƙalilan ne ke kula da manhajar, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Labarin XZ Utils ya fi tayar da hankali. Ƙaramar manhaja ce ta matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux, kuma mutum ɗaya, Lasse Collin, ya daɗe yana ɗauke da ita a matsayin aikin sa-kai. Wani da ya kira kansa Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakawa har aka amince da shi, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar da za ta bai wa masu kutse damar shiga manyan kwamfutoci. A ranar 29 ga Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya tona asirin, bayan ya lura kwamfutarsa na jinkirin kusan rabin daƙiƙa wajen shiga. Ya bi sawun abin har ya kai ga ƙofar, kafin ta isa ga akasarin masu amfani. Freund ɗin, abin mamaki, ma'aikacin Microsoft ne.

Labarin na da fuska biyu, kuma rahoton da ya ɗauki guda ya bar guda ya rage wa mai karatu gaskiya. Buɗewar ce ta bai wa Jia Tan hanyar shiga. Ita ce kuma ta bai wa wanda ba aikinsa ba ne damar bincikawa.

Mutanen Keita sun san irin wannan. Tun 1984 da aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da tallafin Italiya da hukumar FAO, jerin duwatsun da aka yi don tare ruwa, galibi da ƙarfin mata, a fili suke kowa na gani. Ganin inda ruwa ya fasa bai taɓa toshe shi ba sai an samu mai ɗauko dutse.

Rufaffiyar manhaja ba ta tsira ba ita ma. A Mayun 2017 cutar WannaCry ta kama kwamfutoci masu Windows a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin gwamnatin Birtaniya. Microsoft ya riga ya fitar da facin ɓarakar tun watan Maris, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su saka shi ba. A ranar 19 ga Yulin 2024 kuma wani gyara mai kuskure daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya durƙusar da na'urori masu Windows miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi. Babu ɗan kutse ko ɗaya a wannan karon.

Akwai kuma kuskuren ƙirga. Duk ɓarakar da aka sanar ana ba ta lamba a wani kundi na duniya da ake kira CVE. Tun Fabrairun 2024 masu kula da zuciyar Linux suka samu ikon ba da waɗannan lambobi da kansu, kuma suka zaɓi su riƙa lissafa kusan duk kuskuren da ka iya shafar tsaro, har adadin ya kai dubbai a shekara. Ɗan jaridar da ya jera wannan adadi kusa da na wani kamfani ya ce Linux ta fi rauni, kamar wanda ya ce garin da likita ke rubuta kowane mara lafiya ya fi garin da ba a rubutawa ciwo ne.

Batun takardar shaida ma haka. Akan ji ana cewa Linux ba ta da "ƙa'ida" saboda Ubuntu da Debian ba su da shaidar UNIX da ƙungiyar The Open Group ke bayarwa, alhali macOS na Apple na da ita. Wannan shaida ta dacewar manhajoji da juna ce, kuma biya ake yi kafin a samu, ba ta auna tsaro. Wadda ta shafi tsaro ita ce Common Criteria, wato ISO/IEC 15408, kuma Windows da Red Hat da SUSE duk sun samu. Ko ita ɗin ana bayar da ita ne ga wani bugu takamaimai da aka saita ta wata hanya takamaimai. Ba ta bin kwafin da mai gyara ya zuba wa tsohuwar kwamfuta daga filas.

Tambayar da ta fi amfani ga mai karatu a Keita ita ce: wa ke yin facin, kuma yana isowa na'urarsa? Google na fitar da gyaran tsaron Android a kai a kai tun 2015, amma sai mai ƙera waya ya ɗauka ya tura. Pixel 8 da Galaxy S24 an yi musu alkawarin shekara bakwai. Ƙananan wayoyin da talaka ke saye ba sa samun ko kusa da haka, kuma ko gyaran ya zo, mai ƴan mega kaɗan yakan danna "daga baya". Kowa na iya duba ranar gyaransa na ƙarshe a sashen bayanin waya cikin Paramètres. Rahotannin sababbin wayoyi kan cika da girman kyamara da batir, da wuya a ga wannan ranar a ciki.

Ga tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi, Linux na da hujja mai ƙarfi: bugun Ubuntu na dogon zango na samun gyaran tsaro kyauta na shekara biyar, kuma akwai nau'o'i marasa nauyi da ke tashi a kan tsofaffin injuna. Jandarmomin Faransa sun mayar da dubban kwamfutocinsu kan Ubuntu tun shekaru da dama. Amma birnin Munich na Jamus, da ya yi suna wajen komawa Linux, majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017. Sakataren da ya saba da Word sai an koya masa LibreOffice, wata na'urar buga takarda ba za ta yi aiki nan take ba, kuma masu gyaran da ake kai wa kwamfuta galibi Windows suka fi sani. Duk hukumar da za ta sauya, kuɗin horo da na mai kula ya kamata ta fara lissafawa kafin ta yi murnar lasisin kyauta.