Raddi Ga Masu Cewa Iyaye Na Da Cikakken 'Yanci Wajen Raɗa Wa Jariri Suna

Raɗa wa jariri suna aiki ne da shari'a da al'ada da dokokin ƙasashe suka danƙa wa iyaye, kuma babu mai jayayya a kan haka. Saɓanin yana kan iyakar wannan dama. Akwai masu ganin cewa ba ta da iyaka ko kaɗan: duk abin da uba da uwa suka ga dama, ko sunan kayan masarufi ne, ko jimla guda, ko tarin haruffan da harshe ba ya iya furtawa, to babu limami ko alƙali ko jami'in rajista da ke da bakin magana. Ra'ayin ya fi ƙarfi a Amurka, inda dokokin suna ke da sassauci ƙwarai, amma hujjojinsa sun yaɗu ko'ina. Hujjojin nan guda biyar ne, ƙarfinsu kuwa ba ɗaya ba ne.

Hujjar farko ita ce ɗa na iyayensa ne, su suka haife shi, su za su ci da shi su sha da shi, don haka sunansa ma nasu ne. Kuskuren wannan magana yana cikin gane mai haƙƙin. Wanda zai amsa sunan a aji, a kasuwa, a wurin neman aure, har ranar da za a yi sanarwar rasuwarsa, shi ne yaron. Iyaye wakilai ne da ke zaɓa a madadin wanda bai iya zaɓa ba tukuna, ikon waliyyi kuwa a fiƙihu yana tafiya ne tare da maslahar wanda ake yi wa walicci. Dokokin zamani ma a nan suka tsaya. Sashe na 7 na Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, da sashe na 6 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙi da Walwalar Yara ta 1990, da Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003, duk sun lissafa suna cikin haƙƙoƙin yaro. Babu wadda ta lissafa shi cikin dukiyar uba.

A Musulunci maganar ta fi haka fitowa fili, domin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauya sunayen da iyaye suka riga suka raɗa. Muslim ya ruwaito cewa ya sauya wa wata 'yar Sayyidina Umar suna mai ma'anar saɓo, ya kira ta Jamila. Bukhari da Muslim sun ruwaito sauya sunan Barra zuwa Zainab, saboda na farkon yana ɗauke da yabon kai. Ibn Hazm ya kawo ijma'in malamai a kan haramcin sunan da ke jingina bautar mutum ga wanin Allah, Ibnul Ƙayyim kuma ya ware babi guda a littafinsa Tuhfatul Maududi a kan sunayen da aka so da waɗanda aka ƙi da waɗanda aka haramta. Da zaɓin iyaye ba shi da shamaki, da babu dalilin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Hujja ta biyu ta fi ta farko wayo. Suna cewa kowane suna baƙo ne a ranar da aka fara jin sa, abin da ya zama abin mamaki a wani gari kuwa ruwan dare ne a wani, don haka babu ma'aunin da za a tace sunaye da shi. Rabin maganar gaskiya ne, kuma wannan raddi bai zo don kare sunaye goma ko ashirin da kunne ya saba da su ba. Hausawa ma ba su taɓa zama masu ƙarancin sunaye ba. Akwai Tanko ga namijin da ya biyo bayan mata, Kande ga macen da ta biyo bayan maza, Gambo ga mai bin tagwaye, Audi ga wanda mahaifinsa ya rasu kafin a haife shi, Cindo ga mai yatsu shida, Azumi ga wadda ta zo cikin watan Ramadan, ga kuma sunayen ranaku irin su Ladi da Talatu da Jummai da Ɗan'asabe. Baƙunta kaɗai ba laifi ba ce. Ma'aunin da ake magana a kansa shi ne cutarwa: sunan da zai sa a yi wa yaro dariya duk inda aka kira shi, ko ya zage shi, ko ya ɗora masa iƙirarin da bai dace da ɗan Adam ba, ko ya gagari furtawa da rubutawa. Wannan ma'auni yana da wuyar aiki a kan sunayen da ke bakin iyaka, amma ba shi da wuya a kan waɗanda suka ƙetare ta da nisa. A shekarar 1996 wata kotu a Suwidin ta ƙi karɓar wani suna mai haruffa da lambobi 43, babu wasali ko ɗaya a cikinsa, wanda iyayen suka ƙirƙira don nuna adawa da dokar suna ta ƙasar. Babu wata al'umma a duniya da wannan zai zama suna a cikinta. Iyayen suna da 'yancin yin adawa da doka, amma ba su da 'yancin mayar da ɗansu allon da za su rubuta adawar a kai.

Hujja ta uku ita ce mafi rauni, ko da yake ita aka fi ji: idan yaro bai so sunan ba, ai zai sauya in ya girma. Masu wannan magana suna tsallake shekaru goma sha takwas kamar ba komai ba ne, alhali a cikinsu ne yaro yake gina yadda yake kallon kansa, a cikinsu ne kuma tsokanar sa'o'i ta fi zafi. A shekarar 2008 wani alƙalin kotun iyali a Niyu Zilan, Rob Murfitt, ya sanya wata yarinya 'yar shekara 9 ƙarƙashin kulawar kotu na ɗan lokaci domin a sauya mata suna. Iyayenta sun raɗa mata jimla guda mai bayanin wata rawa ta tsibirin Hawai, kunya kuwa ta hana ta gaya wa ko ƙawayenta na kusa. Harafi ɗaya ta ba su suke kiran ta da shi. Yarinyar da ke ɓoye sunanta tun tana firamare ba za a ce mata ta yi haƙuri shekara tara nan gaba ba.

Ko bayan girman ma, sauya suna ba ƙaramin aiki ba ne. A Nijeriya mai son yin haka sai ya yi takardar rantsuwa a kotu, ya buga sanarwa a jarida, sannan ya bi sunan duk inda ya shiga: takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, lambar shaidar ɗan ƙasa, lambar tantancewa ta banki, takardun jarrabawa, fasfo. Duk wanda ya ga yadda bambancin harafi ɗaya tsakanin takardu biyu ke tsayar da albashi ko tafiya ya san nauyin abin. Akwai kuma nauyin da ba na takarda ba. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi ya so ya sauya wa kakan Sa'idu ɗan Musayyibu suna daga Haznu, mai ma'anar tsauri, zuwa Sahlu, mai ma'anar sauƙi, sai dattijon ya ƙi rabuwa da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa, Sa'idu kuma ya ce tsaurin bai gushe a zuriyarsu ba. Mutum yana manne wa sunansa ko da bai yi masa daɗi ba, domin cire shi kamar juya wa mahaifi baya ne. Hausawa da suka ce suna linzami ne sun san ba a kwance shi cikin sauƙi.

Hujja ta huɗu daga gida take fitowa. Ana cewa ai kakanni sun kira 'ya'yansu Ajuji da Ayashe da Bawa, sunayen da a zahirinsu wulaƙanci ne, kuma babu wanda ya hana su. Wannan rashin fahimtar yadda tsarin yake ne. Na farko, irin waɗannan sunaye na 'ya'yan wabi ne, ana kiran yaro da su bayan uwa ta binne wasu kafin shi, da fatan wannan zai tsaya, kuma duk mai jin sunan ya san labarin da ke bayansa, don haka tausayi yake jawowa. Na biyu, a gidajen Musulmi laƙabi ne da ke tafiya tare da sunan yanka, wanda liman ya raɗa a rana ta bakwai gaban dangi da maƙwabta. Wannan taro na safiyar suna shi kansa shamaki ne. Uba ne ke faɗa wa liman sunan, amma kafin a kai ga haka kakanni sun ji, goggonni sun tofa albarkacin bakinsu, kuma liman yana iya ja da baya idan ya ji abin da shari'a ba ta yarda da shi ba. Al'adar da ake kafa hujja da ita ba ta taɓa barin uba shi kaɗai da sunan ɗansa ba. Abin da ya sauya a yau shi ne sunan da aka tsinto a fim ko a intanet don daɗin sautinsa yana iya shiga takardar haihuwa kafin wani mai sani ya tambayi ma'anarsa.

Hujja ta biyar ita ce mai nauyi, kuma ta cancanci a tsaya a kanta da gaske: idan aka ba hukuma ikon hana suna, za ta yi zalunci da shi. Tarihi ya gaskata wannan tsoro. A tsakanin 1984 da 1985 gwamnatin Todor Zhivkov a Bulgeriya ta tilasta wa dubban ɗaruruwan Turkawa Musulmi na ƙasar barin sunayensu su ɗauki na Bulgeriyawa, a 1989 kuma fiye da mutum 300,000 suka tsallaka zuwa Turkiyya. A Turkiyyar ma sunayen Kurdawa masu haruffan Q da W da X sun daɗe ba sa samun rajista, sai a 2013 aka sassauta. A Zayar, Mobutu ya umarci jama'a su yar da sunayen Turawa a 1972. Ko inda babu mugun nufi, jerin sunayen da hukuma ta amince da su yana haifar da ƙunci. A Aisland, inda aka kafa kwamitin sunaye a 1991, wata yarinya ta kai shekara 15 takardunta na kiran ta da kalmar da ke nufin yarinya kawai, saboda kwamitin ya ce sunan da uwarta ta zaɓa na maza ne, har sai da kotu ta ba ta gaskiya a 2013. Jerin wata ƙasa kuma ba ya aiki a wata: Niyu Zilan tana ƙin sunayen da suka yi kama da muƙami, kamar sarki da yarima, alhali a ƙasar Hausa yaron da ya ci sunan mai sarauta akan kira shi Yarima ko Ciroma ba tare da kowa ya ruɗe ba.

Sai dai duk waɗannan misalai suna rushe wani nau'in iko ne, ba su tabbatar da cewa a bar yaro ba mai kare shi ba. A Bulgeriya da Zayar abin da hukuma ta kare shi ne aƙidarta, maslahar yaro ba ta shigo lissafi ba. Akwai hanya ta uku tsakanin jerin hukuma da sakin linzami, kuma Faransa ta bi ta. Tun daga dokar 1803 iyaye a can suna zaɓa ne daga sunayen kalanda da na mutanen tarihi, har dokar 8 ga Janairun 1993 ta soke wannan. Yanzu jami'in rajista dole ne ya rubuta sunan da iyaye suka kawo. Idan ya ga zai cutar da yaron, sai ya sanar da mai gabatar da ƙara, shi kuma ya kai wa alƙalin harkokin iyali, iyaye su kare zaɓinsu a gabansa. Ta wannan hanya ce wata kotu a Valenciennes ta hana a kira wata jaririya Nutella, sunan wani abin shafa wa burodi, aka taƙaita shi zuwa Ella. A irin wannan tsari asali shi ne halasci, mai hanawa ne zai kawo hujja, dalilin hanin guda ɗaya ne, wato cutar da yaro, kuma ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take. Amfanin wannan ƙofa ya bayyana a jihar Tenesi ta Amurka a 2013, lokacin da wata mai shari'a ta sauya wa wani jariri sunan Messiah bisa aƙidarta ta addini, alƙalin da ke sama da ita ya soke hukuncin cikin 'yan makonni. Kuskuren alƙali ana gyara shi da wani alƙalin, amma a tsarin cikakken 'yanci kuskuren uba ba shi da mai gyara shi sai yaron da kansa, bayan ya gama ɗanɗana kuɗarsa.

Hukuncin da hujjojin nan suka kai a kai shi ne zaɓin suna na iyaye ne, kuma fagensa yana da faɗi ƙwarai: sabon suna, sunan wani harshe, sunan da ba a taɓa ji a gari ba, duk suna ciki, hukuma kuwa ba ta da hurumin rubuta wa jama'a jerin sunaye. Amma zaɓin yana tsayawa a inda cutar da yaro ta fara, kuma dangi da liman su ne farkon masu tsayar da shi, kotu ce ta ƙarshe. Da'awar cikakken 'yanci ba ta tabbata ba, a shari'a ko a al'ada ko a doka.