Raunin Aksolotil: Ruwa Mai Tsabta Ya Fi Tarin Magunguna

Aksolotil wata dabbar ruwa ce daga dangin su kwaɗo, mai siffar ƙadangare, da tuntaye uku-uku a kowane gefen kanta waɗanda take numfashi da su. Asalinta tafkin Sochimilko ne, a kudancin birnin Meziko. Abin da ya ja hankalin masana kimiyya gare ta, tun da aka kai wasu birnin Paris a 1864, shi ne in ƙafarta ta gutsire sai wata ta tsiro. Haka wutsiya, har ma da wani sashe na zuciya da na laka.

Wannan baiwa ce ta zame mata fitina a hannun masu kiwonta. Tun da wasan kwamfuta na Minecraft ya saka ta cikinsa a 2021, yara da yawa a Amurka da Turai suka matsa wa iyaye a saya musu. Da dama sun ɗauka dabbar da ke tsirar da ƙafa ba ta bukatar jinya. Kuskure ne babba. Gaskiya ne cikin sa'o'i kaɗan fata kan rufe bakin raunin, sannan ƙwayoyin halitta su taru a wurin su soma gina sabuwar gaɓa. Amma aikin yana cin makonni, wani lokaci watanni, kuma duk tsawon wannan lokaci dabbar kwance take cikin ruwan da take kashi a ciki. In amoniya ta taru, ko ruwan ya ɗumama, sai wata irin fumfuna fara fat kamar auduga ta kama raunin ko tuntayen, bakteriya su biyo baya. Sau da yawa abin da ke kashe ta ke nan, ba gutsirewar ba.

Akwai kuma masu wuce gona da iri. Da ganin rauni sai su antaya maganin kifi ko su zuba gishiri barkatai. Fatar aksolotil ba ta da ɓawo. Tana tsotsar abin da ke cikin ruwa kai tsaye, shi ya sa magungunan da ke ɗauke da tagulla, waɗanda kifi kan jure, ke zame mata guba. Garin neman gira sai a rasa ido.

Jinyar da ta dace ba ta da wuya, sai dai tana son haƙuri. A ware mai raunin a mazubi ita kaɗai, domin 'yan uwanta, musamman ƙanana, sukan ciji ƙafafun juna. A riƙa canza ruwan kullum da wanda aka cire wa kulorin, sanyinsa ya tsaya tsakanin digiri 16 zuwa 18 a ma'aunin Selshiyas. In ya haura 24 dabbar ta shiga wahala. Wannan kaɗai ya isa ya sa ɗalibin Kano ko Maraɗi ya haƙura da sha'awarta, in ba shi da lantarkin da ba ya yankewa. A fitar da tsakuwa, don takan haɗiye ta ta toshe mata hanji. A rage taɓa ta da hannu. In ta ƙi cin tana, ko raunin ya kumbura ya yi ja, magana ta koma hannun likitan dabbobi.

Abin takaici, yayin da ta cika tankunan gilashi a duniya, a gidanta tana ƙarewa. Ƙidayar 1998 ta sami kimanin 6,000 a kowace murabba'in kilomita a Sochimilko; ta 2014 ta sami 36 kacal. Ƙazantar ruwa ce ta jawo haka, tare da baƙin kifayen da aka zuba a tafkin, ciki har da karfasa ta Afirka, masu cinye ƙwayayenta da 'ya'yanta.