Manchester United: ƙafa ce ta gaji ko zuciya ce ta tsorata?

Gardama biyu ce ba ta ƙarewa a fada: wa ya fi iya dafa shayi, da kuma abin da ya sami Manchester United. Ta biyun ce ta fi zafi. Wani ya ce ƴan wasan ne ba su da zuciya, albashi kawai suke ci. Wani ya ce koci ne bai san aikinsa ba. Wani kuma ya rantse baki ne ya kama kulob ɗin tun ranar da Alex Ferguson ya ajiye aiki a 2013. Idan ka ce a nemo musu masanin halayyar ɗan Adam, sai a fashe da dariya, a ce "to yanzu kuma mahaukata suka zama?"

Ni ina ganin wannan dariyar ba ta da wuri. Tsoro abu ne na gaske a cikin fili, kuma ana horar da mutum ya iya da shi kamar yadda ake horar da ƙafa. Sai dai ba laya ba ne, ba ya gyara gidan da shugabanninsa suka lalata.

Mu fara da abin da ba gardama a kansa. A kakar 2024/2025 United ta ƙare ta 15 a gasar Firimiya, da maki 42, an doke ta sau 18. Tun faɗuwarta rukuni na biyu a 1974 ba ta ga irin wannan shekara ba. Shi kansa koci Ruben Amorim, bayan Brighton ta ci su 3 da 1 a gida, ya ce wataƙila su ne ƙungiya mafi muni a tarihin kulob ɗin. Amma a cikin wannan kakar, waɗannan ƴan wasan dai, ba wanda ya doke su a gasar Europa har wasan ƙarshe. A maci da Lyon, ana cin su 4 da 2 a ƙarin lokaci, suka zura ƙwallo uku cikin ƴan mintoci, Harry Maguire ya sa ta ƙarshe da kai, aka tashi 5 da 4. Bayan wata guda, ranar 21 ga Mayu 2025 a Bilbao, suka kasa cin Tottenham ko ɗaya, kofi ya tafi.

To ƙafar da ta ci Lyon ina ta shiga? Ba a sauya wa kowa ƙafa ba. Lokacin da suka ga komai ya riga ya ɓaci, babu sauran abin da za su rasa, sai suka saki jiki suka buga. Ranar da nauyin shekara gaba ɗaya ya hau kan maci guda, sai jiki ya ɗaure. Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar BAC ya san wannan: abin da ka haddace jiya da dare, yau ka ga takarda ya gudu. Ɗan wasan da ke tsoron kuskure yakan fara tunanin abin da a da jikinsa ke yi ba tare da tunani ba. Sai ya riƙe ƙwallo daƙiƙa ɗaya fiye da kima, ko ya mayar da ita baya don kada laifi ya faɗa kansa. Mu da ke gaban Canal+ sai mu ce rago ne.

Mu ƴan Nijar ma mun ga wannan da idonmu. A wasannin neman shiga gasar cin kofin Afirka ta 2012, Mena ta Harouna Doula ta ci wasanninta uku duka a filin Seyni Kountché, har da Masar mai riƙe da kofi, wadda Moussa Maâzou ya ci. Wasanni ukun da ta buga a waje kuwa, duka an doke ta. Na san akwai zafin rana da wahalar tafiya a cikin lissafin. Amma wanda ya ce ihun jama'ar Yamai bai ƙara wa yaran nan ƙarfin gwiwa ba, bai kalli wasannin ba.

Abin da masu dariya ba su sani ba shi ne aikin masanin nan ba wa'azi ba ne, kuma ba lallashi ba ne. Ku dubi Ingila. An fitar da ita a gasar cin kofin duniya da bugun fenariti a 1990, da 1998, da 2006, har ƴan ƙasar suka ɗauka sa'a ce kawai ba su da ita. Gareth Southgate, wanda shi kansa ya zubar da fenariti a gasar Turai ta 1996, ya ƙi yarda da wannan. Ya yi aiki da masaniyar halayya Pippa Grange, ya sa ƴan wasa suna atisayen fenariti bayan sun gaji, suna tafiya daga tsakiyar fili zuwa wurin bugu kamar ranar gaske. Wani mai bincike ɗan Norwe, Geir Jordet, ya nuna cewa wanda ya yi gaggawar bugawa da zarar alƙali ya busa ya fi saurin zubarwa. Don haka aka koya musu su tsaya, su ja numfashi, su buga a lokacin da suka shirya. A 2018 suka fitar da Kolombiya da 4 da 3, karo na farko da Ingila ta ci irin wannan bugu a gasar duniya.

Yanzu bari in ba masu cewa "duk surutu ne" nasu haƙƙin. A Disamba 2021 Ralf Rangnick ya kawo wa United masanin halayya, Sascha Lense. Kakar ta ƙare da maki 58, mafi ƙaranci da suka taɓa samu a Firimiya a lokacin. Tun 1958 ma, masanin da ke tare da tawagar Barazil ya ba da shawara kada a sa Pelé da Garrincha, koci ya yi watsi da maganarsa, suka ɗauki kofi. Masani na kuskure. Kuma ko da bai yi kuskure ba, me zai gaya wa ɗan wasan da kowane koci ya zo da nasa tsari, Moyes, Van Gaal, Mourinho, Solskjaer, Ten Hag, Amorim, kowa ya sayo nasa mutane da kuɗi masu yawa ya bar wa na bayansa? Kulob ɗin da rufin filinsa ke yoyo idan aka yi ruwan sama, matsalarsa ta fara ne daga ofis. Ba a kwantar wa mutum hankali a ɗakin da ke zuba.

Akwai kuma rabonmu, mu magoya baya. Bayan wasan ƙarshe na gasar Turai a Yuli 2021, Rashford, Sancho da Saka sun zubar da fenariti, aka bi su da zagin launin fata a shafukansu. Saka yana da shekara 19 a lokacin. Maguire kuwa, a 2022 har barazanar bam aka aika gidansa. André Onana, ɗan Kamaru, duk kuskuren da ya yi sai ya zama abin wasa a wayoyinmu. Kada mu ce Ingila na da nisa. Zagin da aka rubuta daga Maraɗi ko Damagaram wuri ɗaya yake sauka da wanda aka rubuta daga Landan. Kuma wanda ya sa jika biyu a caca ya rasa, shi ne ya fi kowa ɗaga murya cewa ƴan wasa ba su da zuciya.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan ɗabi'a tana bin mu har filin unguwa. Yaro ɗan shekara 14 ya zubar da fenariti a gasar hutu, sai a laƙaba masa suna, a ce an yi masa asiri, ko a ce shi ba namiji ba ne. Badi ba zai sake ɗaukar ƙwallon ba. Mai horar da shi ba ya buƙatar kuɗin Turai kafin ya sa yara su riƙa buga fenariti ƙarshen kowane atisaye, abokansu na yi musu ihu, har su saba. Ba ya buƙatar digiri kafin ya zama na farkon da zai je ya dafa kafaɗar wanda ya zubar.

Saka ya sake tsayawa a 2024, a bugun fenariti da Suwizalan. Ya ajiye ƙwallo, ya dakata, ya ci. Shekara uku tsakani, kuma a cikinsu kulob ɗinsa Arsenal ta ci gaba da ba shi fenariti yana bugawa. Da an bi ra'ayin masu zagi, da ba mu ga wannan rana ba.

Ƴan'uwa, a ci gaba da gardama, ita ce daɗin ƙwallo. A tsokani ƴan United, su ma sun yi zamaninsu suna tsokanar kowa. Amma kafin mu ce wane ba shi da zuciya, mu tambayi kanmu wa ya taɓa koya masa yadda zai yi da tsoro, a Old Trafford ne ko a filin bayan makarantar unguwarmu.