Wasan Waya Yana Da Daɗi, Amma Wa Ya Buɗe Kanti A Cikinsa?

Bari in fara da tona asirin kaina, tun kafin wani ya tona mini. Wata ranar Talata na ƙwace waya a hannun wani yaro a ajina na CM2 a nan Dumega, bayan ya kwashe kwana uku yana gyangyaɗi a kan tebur tun kafin rana ta yi zafi. Na ce masa ba zai sake ganinta ba sai uwarsa ta zo. Da dare bayan isha'i na zauna da tulin kaye 74 da zan gyara, sai na ce bari in leƙa in ga abin da ke hana yaron nan barci. Wasan ƙwallo ne, ba zan faɗi sunansa ba. Wallahi ban ajiye wayar nan ba sai da batir ya mutu, wajen ƙarfe ɗaya na dare. Kaye 74 suna nan yadda na bar su, jan biro ma ban buɗe ba.

Saboda haka duk malamin da zai miƙe a taro ya ce wasannin nan shirme ne, ba su da wani daɗi, yaran ne kawai suka lalace, to ni na san bai taɓa riƙe su na minti goma ba. Suna da daɗi ƙwarai. Ni da na haura arba'in, wanda ya tashi da langa da dara da ƙwallon tsumma, ya kuma ɓata dare da yawa kan macijin nan na Nokia 3310 lokacin samartaka, na shaida haka. Kuma daɗin yana da dalili wanda ya kamata ya ba mu kunya, mu malamai. Yaro ya yi kuskure a wasa, nan take yake ganin sakamakonsa, ya sake gwadawa, ba wanda ya yi masa dariya, ba bulala. In ya ƙware, wasan ya ƙara masa wuya daidai ƙarfinsa. Ni kuwa in ya yi kuskure a lissafi ranar Litinin, sai Juma'a yake ganin jan birona, lokacin ya manta ma abin da aka tambaye shi. Abin da aka karantar da mu a makarantar horon malamai game da tafiya da yaro mataki-mataki, masu ƙera wasan nan sun aiwatar da shi fiye da yadda muka taɓa iyawa a aji mai yara saba'in da ɗoriya.

Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Washegari uwar yaron ta zo. Ashe wayar ta wansa ce da ke ci-rani, ya aiko mata don su riƙa gaisawa. Ta zauna a bakin aji ta ce, "Mushe, ni ba wayar ce ta dame ni ba. Kuɗin adashina ne, jika goma sha biyu, na neme su ƙasa ko sama na rasa." Na kira yaron na ce, "Kai, faɗa wa innarka gaskiya." Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya yi magana. Ya riƙa ɗiba ne kaɗan-kaɗan yana kai wa wani saurayi da ke cajin wayoyi da pano ranar kasuwa, shi kuma ya tura masa kuɗin cikin wasa. Da kuɗin yake buɗe wasu akwatuna da ake cewa ƙila a samu babban ɗan wasa a ciki. Na ce, "To ka samu?" Ya ce, "Mushe, saura kaɗan."

Wannan "saura kaɗan" ɗin shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Aibin wasannin nan iri biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya shi ke ruɗa iyaye. Akwai aibin kuskure. Misalin da duk mai bin harkar ya sani shi ne eFootball 2022, wanda kamfanin Konami na Japan ya saki ranar 30 ga Satumba 2021 a madadin tsohon PES. Ya fito da fuskokin 'yan wasa a karkace, 'yan kallo kamar an yanko su daga kwali, har ya zama wasan da aka fi kushewa a kasuwar Steam a lokacin. Kamfanin ya fito ya ba da haƙuri, ya koma ya yi gyara, ya saki cikakken wasan a Afrilu 2022. Wata bakwai ke nan. Irin wannan aibin bai dame ni ba, domin yana jawo wa mai kaya asara, kuma duk ɗan kasuwa yana gaggawar toshe ramin da kuɗinsa ke zurarewa.

Aibi na biyu shi ne wanda ba a gyarawa, ko shekara goma za a yi, domin da gangan aka gina shi kuma shi ne gonar da ake ci. An ba ka wasa kyauta, alhali banza ba ta kai zomo kasuwa. Kana cikin jin daɗi sai a tare ka da talla. Ka fara gwanancewa sai a haɗa ka da wanda ya sayi 'yan wasan da ba ka da su, ya lallasa ka, sannan allon ya nuna maka kanti. A kantin kuma ba a rubuta farashi da sefa ba. Lu'ulu'u ne a Free Fire, tsabar zinariya a wani, maki a wani, yadda yaro ba zai taɓa jin cewa tiyar hatsi ce yake zubarwa ba. Mafi muni su ne akwatunan sa'a: ka biya, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka buɗe.

'Yan uwana malamai, ku tuna darasin Skinner da tantabarunsa. Mun haddace shi don cin jarrabawa, muka watsar. Tantabarar da ake ba tsaba duk lokacin da ta caki maɓalli, in aka daina ba ta, nan da nan take haƙura. Wadda kuwa ake ba jefi-jefi, ba ta san karo na nawa tsabar za ta faɗo ba, ita ce ke ci gaba da caka ba ji ba gani. Littafin da Skinner da Ferster suka yi kan wannan ya fito tun 1957. Akwatin sa'a shi ne maɓallin, ɗanka kuma shi ne tantabarar. A garinmu in mutum ya sa kuɗi a kan abin da bai san zai fito ko ba zai fito ba, sunan abin caca, ko da katin kwali aka yi ta ko da hoton Messi.

Kada wani ya ce tsohon malamin ƙauye ne ke ƙorafi. A Afrilu 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta bincika wasu manyan wasanni, har da FIFA 18, ta yanke cewa akwatunan da ake saya da kuɗi caca ne a dokar ƙasar. Kamfanin EA ya ja, ya ja, daga baya a Janairu 2019 ya daina sayar da makin a can. Me ya sa ya ja? Domin a rahotonsa na shekarar kuɗi ta 2021, sashen nan na Ultimate Team, inda ake buɗe fakitin 'yan wasa, ya kawo masa dala biliyan 1.62. Dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A Disamba 2022 kuma kamfanin Epic, mai Fortnite, ya amince ya biya dala miliyan 520 bayan hukumar kasuwanci ta Amurka ta tuhume shi, miliyan 245 daga ciki don mayar wa mutanen da aka tsara maɓallai yadda za su sayi abu ba da niyya ba. Iyayen can suna da hukumar da za ta ƙwato musu. Mai adashin Dumega wa za ta kai wa ƙara?

Sai maganar barci. Macijin Nokia in ka mutu ka mutu, ka ajiye waya ka kwanta, gobe yana nan yana jiranka ba tare da fushi ba. Na yanzu suna ba da kyautar shiga kullum, in ka tsallake rana ɗaya lissafin ya koma farko. Suna buɗe gasa mai ƙarewa cikin 'yan kwanaki, agogo na ƙirgawa a gefen allo. Yaron da na ƙwace wa waya ya gaya mini cewa dare yake jira domin lokacin ne rezo ke daidaita kuma innarsa ta yi barci. Wato wasan ya ba shi aikin gadi, ba albashi, shi ne ma ke biya.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai ta wani gefen: ba don mu aka yi su ba. Wanda ya tsara su yana zaune inda kuran ba ya ɗaukewa, intanet kamar ruwan famfo. A nan kana tsakiyar wasa rezo ya yi tsalle, kafin hoto ya dawo an ci ka. Kowane 'yan makonni a ce sai ka sabunta, sabuntawar ta cinye forfen da aka saya don kiran ɗan ci-rani. A zafin Afrilu ƙaramar waya takan yi zafi kamar kaskon tuya. Harshe kuma Faransanci ko Ingilishi. Tun 2017 Apple, sannan Google a 2019, suka wajabta a riƙa bayyana yiwuwar samun abin da ke cikin akwatunan nan, kuma ana rubutawa, amma da ƙananan haruffa, a harshen da uwar yaron ba ta karantawa. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma kantin da ke aljihun 'ya'yanmu bai ji labari ba.

Kuma ba wai ba mu da abin sakawa a wasa ba ne. Lugu tana nan cikin Arewa, inda Sarauniya ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Ga kokawa, ga dara wadda ke wasa ƙwaƙwalwa fiye da rabin abin da ke cikin wayoyin nan. 'Yan Kamaru sun fitar da Aurion a 2016, wani matashi a Yamai ya yi Les Héros du Sahel. Yarana a aji sun san benci na Real Madrid kaf, amma da na tambayi shekarun da Mena ta je gasar cin kofin Afirka, 2012 da 2013, shiru kake ji.

To me za a yi? Wasu abokan aikina sun ce a fasa waya, a zane yaro. Na ga an yi, kuma na ga sakamakon: yaron ya koma wayar abokinsa a bayan kasuwa, inda ba idon kowa, ya kuma koyi ɓoye abu. Wasu suna kawo misalin Sin, wadda a Agusta 2021 ta taƙaita wa yara wasan intanet zuwa awa uku a mako. Sin ta iya ne domin kowane ɗan wasa sai ya yi rajista da katin shaidarsa. Mu da waya ɗaya ke yawo hannun mutum biyar a gida, wa za a ƙirga wa awa? Kuma a daina kiran kowane yaro mai wasa majinyaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa larurar wasan bidiyo a kundinta a 2019, amma da sharaɗi: sai mutum ya kasa sarrafa kansa, wasan ya ture sauran al'amuran rayuwarsa, kuma galibi abin ya kai wata 12. Yawancin yaranmu ba su kai can ba. Kanti ne aka buɗe musu ba mai tsaro.

Iyaye, laifinku a nan shi ne kuna miƙa waya kamar kuna miƙa goro. Ba sai kun iya Faransanci ba. Zauna kusa da yaro ka ce ya nuna maka wasan. Ka ce ya kashe intanet, ka ga ko zai ci gaba da tafiya. Ka ce ya nuna maka inda ake sayayya, da abin da ya taɓa saya, da wanda ya tura masa. Wasan da ke tafiya ba rezo, ba akwatin sa'a, ni ban ga dalilin hana shi bayan an gama aikin gida da karatun allo ba. Da dare kuma waya ta kwana ɗakin uwa. Kuma a bar yi wa yaro tsawa yana tsakiyar wasa da abokai, a gaya masa tun farko wasa nawa zai buga, ya fi saurin bi.

Ni abin da na iya yi a aji shi ne na mayar da abin darasin lissafi. Na zo da ƙwarya, na zuba jan wake 99 da fari ɗaya, na rufe da kyalle. Na ce farin shi ne babban ɗan wasan, kowane ɗiba dala ashirin, kuma duk wanda aka ɗebo za a mayar da shi a girgiza. Misalina ne, kowane wasa da nasa adadin. Yara suka yi layi, ana ihu ana dariya. Da muka gama na nuna musu abin da lissafi ya ce: ko mutum ya ɗiba sau 100, ya kashe jika goma cur, fiye da mutum ɗaya cikin uku zai tashi hannu wayam. Wata yarinya a baya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ai ƙwaryar ba ta san sau nawa ka ɗiba ba." Na ce ta maimaita da ƙarfi don na gaba su ji. Yaron nan mai "saura kaɗan" bai ce uffan ba, amma na ga ya rubuta.

Innarsa ta karɓi wayarta. Mun yi da ita zai riƙa taya ta ɗaukar kaya ranar kasuwa har kuɗin adashin su cika, kuma ban ce ta goge wasan ba, na dai nuna mata inda kantin yake. Saurayin mai pano yana nan inda yake, har yanzu yana karɓar kuɗi hannun yara 'yan shekara goma sha biyu ba ya tambayar inda suka samo. Na sa maganarsa cikin ajandar taron COGES mai zuwa, na kuma roƙi darakta ya gayyato shi da kansa, tare da kungiyar iyaye mata. Ƙwaryar da waken suna cikin kabad ɗin aji, zan tafi da su.