Kamfe na gida-gida: a je da baki, a bar kyamarar waya a aljihu

Da zarar kakar zaɓe ta matso, matasan Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙananan hukumomi huɗun da ke tura ɗan majalisar wakilai guda zuwa Abuja, sukan kasu gida biyu. Wasu suna kwance a ɗaki suna zage-zage a Facebook da datar da wani ya saya masu. Wasu kuwa sukan ɗora hula mai hoton ɗan takara, su bi lungu-lungu, daga cikin garin Gumel har Ɗanzomo, suna sallama a ƙofar gidaje. Na biyun sun fi amfani nesa ba kusa ba.

Wannan ba zancen son rai ba ne. A 1998 wasu malaman Jami'ar Yale biyu, Alan Gerber da Donald Green, sun gwada abin a garin New Haven na Amurka. Wasu gidajen aka aika masu wasiƙa, wasu aka buga masu waya, wasu aka je har ƙofa. Zuwa ƙofa ya ƙara yawan masu fita zaɓe da kusan kashi 8 cikin 100, wasiƙa ta ɗan taɓuka, kiran waya kuwa bai motsa kowa ba. A ƙasar da kashi 27 cikin 100 kacal na masu rajista suka fita zaɓen shugaban ƙasa na 2023, wanda ya taka ya tuna wa dattijo ranar zaɓe da inda rumfarsa take ya yi aikin kirki, ko wace jam'iyya yake wa.

Matsalar tana cikin wayar da ke hannunsa. Sau da yawa ba magana kaɗai ake tura matashi ya yi ba. Sai a turo masa fom na Google ta WhatsApp, a ce kowane gida ya shiga ya ɗauko suna, lambar waya, hoton katin zaɓe gaba da baya, wani lokaci har da lambar asusun banki da NIN, wai don "tallafi" idan an ci zaɓe. A nan ya kamata duk mai hankali ya ja birki.

Me za a yi da hoton katin? Ba za a iya zaɓe da shi ba. Na'urar BVAS sai ta tantance yatsa ko fuskar mai katin kafin a miƙa masa ƙuri'a. Jam'iyya kuma ba ta buƙatarsa don sanin masu rajista, domin a Janairun 2023 INEC ta miƙa wa jam'iyyu rajistar mutum 93,469,008. Abin da ya rage shi ne tsoro. Tsohuwar da aka ɗauki hoton katinta za ta iya ɗauka cewa an san abin da za ta dangwala, alhali babu mai iya sani. A Disambar 2022 kwamishinan INEC Mohammed Haruna ya fito ya yi gargaɗi cewa wasu 'yan siyasa na sayen katuna suna kuma tattara lambobin VIN. A lokacin zaɓen 2023, sashe na 22 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya tanadi tarar da ta kai naira 500,000 ko ɗaurin da ya kai shekara biyu, ko duka biyun, ga mai saye ko sayarwa ko riƙe katin wani ba bisa ƙa'ida ba. Hoto ba kati ba ne, amma daga "kawo in ɗauka" zuwa "bar shi a wurina" taku ɗaya ne, kuma idan ta ɓaci ba a hannun mai gidan da ke Dutse ko Abuja za a samu katin ba.

Ko da babu mugun nufi, hoton ba ya zama wuri ɗaya. Katin zaɓe yana ɗauke da cikakken suna, fuska, ranar haihuwa, sana'a da adireshi. Da an tura shi guruf ɗin WhatsApp, ya sauka a wayar kowane mamba da bai kashe saukewa ta kai tsaye ba. Wata wayar za ta hau da shi Google Photos. Wata za a kai ta wurin mai gyara ko mai caji, wata a sayar da ita ba a goge ba. Fom ɗin kansa yana zuba ne a Gmail ɗin wani yaro, wanda wataƙila lambar wayarsa ce kalmar sirrinsa. A haɗa wannan da lambar waya da lambar asusu, an gama wa ɗan damfara rabin aiki: gobe zai kira manomi da cikakken sunansa, ya faɗa masa ranar haihuwarsa, ya ce daga banki ne, a karanto masa lambar da aka turo. Manomin ba zai tuna da jam'iyya ba. Zai tuna da ɗan wane da ya zo masa zaure.

Abin ya fi nauyi a kan 'yan mata da matan da ke wannan aiki. Gidan da namiji ke tsayawa a zaure su ne ke shiga har tsakar gida, kuma amanar zumunci ce ke sa a buɗe masu jaka a fito da kati. Uwargidan da ba ta karatun boko ba ta san me aka cika a fom da sunanta ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda hukumar NDPC ke kula da ita, ta sa ra'ayin siyasar mutum cikin bayanai masu tsananin sirri, kuma yardar da aka karɓa ba tare da an yi bayani ba, ba yarda ba ce.

Za a ce ai a Amurka ma da waya ake kamfe. Haka ne, masu bin gidaje na jam'iyyar Democrat suna amfani da manhajar MiniVAN. Sai dai ita jerin ƙofofi take ba mutum, shi kuma ya danna an samu mai gida ko ba a samu ba, yana goyon baya ko yana shakka. Babu wanda ke cewa a fito da katin shaida.

Irin wannan ba ya gagara a nan. Fom mai tambaya huɗu ya isa: unguwa, rumfar zaɓe, ko mutum ya karɓi katinsa, da abin da ya fi damunsa, ruwa ne ko taki ko asibiti. KoboCollect kyauta ce, tana aiki ko babu sabis, ta tura daga baya. Lambar waya sai wanda ya bayar don kansa, bayan an gaya masa wanda zai kira shi. Kodinetan da ya ce sai da hoton kati za a biya kuɗin mota, a tambaye shi Gmail ɗin wa fom ɗin ke shiga, da ranar da za a goge shi. Wanda kuma har yanzu hotunan katunan 2023 ke cikin wayarsa, ya goge su daga galari, ya bi su cikin Google Photos da fayil ɗin WhatsApp, sannan ya buɗe kwandon shara, domin sukan yi makonni a can kafin su ɓace.